Yadda Za Ka Karanci Gasar Kamfanoni, Da Misalin Layukan Waya a Najeriya

In kana son gane dalilin da ya sa farashi ke sauka a wata harka, a wata kuma ya ƙi motsi, sai ka kalli abu biyu a tare: yanayin kasuwar, da dabarun kamfanonin da ke cikinta. Kowanne na sauya ɗayan. Harkar wayar salula a Najeriya ta ishe mu misali.

Fara da ƙirga masu sayarwa, ka kuma binciki abin da ya hana wasu shigowa. A watan Janairun 2001 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285, MTN da Econet (wadda daga baya ta koma Airtel) kuma suka fara aiki a watan Agusta. Ga kuɗin lasisi, ga kafa eriya a ƙasar da kusan kowace eriya sai an ajiye mata janareta. Masu sayarwa 'yan kaɗan, masu bukata miliyoyi. Shi ya sa layi kaɗai ya kai dubban naira, kira kuma naira 50 a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe.

Daga nan sai ka nemo abin da ke damun masu saye wanda manyan suka kau da kai daga gare shi, domin ta nan baƙo ke shigowa. Glo ta zo a watan Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa. Ba a jima ba sauran suka bi, farashin layi ma ya faɗi warwas. Dabarar kamfani ɗaya ce ta canza dokar kasuwar baki ɗaya.

Mataki na uku shi aka fi tsallakewa, alhali nan gizo ke saƙa: ka bi diddigin inda faɗan ya koma bayan an daidaita a farashi. Kamfanoni suka riƙa rangwame ga kira tsakanin layi iri ɗaya, har da kiran dare kyauta, kira zuwa wani layi kuwa ya fi tsada. Ka lura da wanda hakan ya fi amfana. Idan iyayenka da abokan cinikinka duk suna kan layi guda, kai ma can za ka tsaya, babba ya ƙara girma. Jama'a suka mayar da martani da waya mai layi biyu, wasu har wayoyi biyu a aljihu. A 2013 NCC ta ayyana MTN a matsayin wadda ta mamaye kasuwar kira, hukumar ta kuma ba mutane damar sauya kamfani ba tare da rasa lambarsu ba.

Sai ka duba wanda ya kasa jurewa. Etisalat ta shigo a 2008, bayan an riga an kama masu saye. Bashin dala biliyan 1.2 na bankuna ya danne ta, a 2017 ta koma 9mobile. A ganina, wanda ya zo a makare cikin harkar da ke cin jari mai nauyi yana biyan kuɗin shiga sau biyu: na kafa kayan aiki, da na janyo mutane daga inda suka saba.

In za ka gwada wannan a siminti, fara da Dangote, BUA da Lafarge, sannan ka karanta manufar gwamnati ta 2002 da ta ce sai mai gina masana'anta a cikin gida ne za a ba izinin shigo da siminti.