Yadda Ake Haɗa Gadar Katako Don Ɗora Babur a Kan Tirela

Babur irin Bajaj Boxer ya haura kilo 100, saboda haka ɗaga shi da hannu zuwa kan tirela ko a-kori-kura yana iya jawo ciwon baya ko karyewar ƙafa. Gadar katako da aka haɗa da kyau tana rage wannan haɗari, kuma tsawonta ne ya fi komai muhimmanci.

Da farko a auna tsayin bakin tirelar daga ƙasa, sannan a ninka shi sau huɗu, abin da ya fito shi ne tsawon gadar. Idan tsayin ya kai santimita 60, ana bukatar katako mai tsawon mita 2.4, wato kimanin ƙafa 8. Mutane da yawa suna gajarta shi don tsimin kuɗi, alhali gajeriyar gada tana miƙewa tsaye, sai ƙasan injin ya daki bakin tirelar a daidai lokacin da tayar gaba ta hau, ta baya kuma tana kan katako, babur ya maƙale nauyinsa duka yana hannun mai turawa.

A nemi katako mai tauri irin na maɗaci, kaurinsa inci 2, faɗinsa inci 10 ko 12, busasshe, wanda ba shi da tsaga kuma gara ba ta taɓa shi ba. Kafinta ya ɗaura masa katako biyu a tsaye ta ƙasa, daga wannan kai zuwa wancan, domin kada ya lanƙwashe a tsakiya, sannan ya kafa siraran katako a gefe biyu don taya ta kasa zamewa. A samansa a buga tsohuwar taya da aka yanka, domin katako mai santsi ba ya riƙe taya idan ya jiƙe.

Bayan haka a kai wa mai walda ya lanƙwasa faranti na ƙarfe wanda zai kwanta a bakin tirelar, a ɗaure shi da kan katakon da bol da noti, domin ƙusa tana zarewa idan nauyi ya yi ta hawa.

Lokacin lodi, tirelar ta kasance a haɗe da mota a wuri mai shimfiɗe, an ja birkin hannu, an sa wa tayoyi waigi. Dole ne a ɗaure gadar da jikin tirelar da sarƙa ko igiya mai ƙarfi, saboda tayar baya tana iya ture ta. A kashe injin, mutum ɗaya ya riƙe kan babur yatsunsa a kan birkin gaba, yana tafiya a kan wani katakon da aka jingina a gefe, na biyu kuma ya tura daga baya. Kada kowa ya hau babur ɗin ya tuƙa shi zuwa sama.

Idan ya hau, a sa shi a giya ta ɗaya, a ɗaure shi ta kusurwa huɗu har sai shokabzoban gaba sun ɗan nutse.