Kurakuran da Aka Fi Yi da Maɓallan F1 zuwa F12 da Gajerun Hanyoyin Kibod

Mutum ya saba da kwamfutar tebur a ofis. Yana cikin Excel, ya danna F2 ya gyara abin da ke cikin akwati, ya danna F4 alamar dala ta kulle masa fomula. Ranar da ya sayi laftof sai ya danna maɓallan nan, hasken allo ya ragu ko sauti ya mutu. Nan take ya yanke hukuncin kibod ya lalace, ko a ce masa sai an yi fomat. Wannan shi ne babban kuskure, kuma yana ba ni takaici, domin na ga an goge wa mutane fayiloli a kan abin da minti biyu ya isa a gyara.

Duk maɓallin da ka danna yana bi ta hannu uku kafin ya yi aiki: kibod ɗin da ƙaramar manhajar da ke cikinsa, sai babbar manhajar kwamfuta wato Windows ko macOS ko Linux, sannan manhajar da kake aiki a ciki. Kusan duk wahalar da ake sha, daga neman gyara a hannun da ba shi da laifi take.

Mu fara da Fn, maɓallin da ke ƙasan kibod ɗin laftof kusa da Ctrl. A yawancin laftof an ɗora wa layin sama, wato F1 zuwa F12, aiki biyu, kuma kamfanoni suna fito da su da aikin sauti da haske a gaba. Riƙe Fn ka danna F4, za ka ga ya yi aikinsa na asali. In kana son ya zauna haka dindindin, a Dell da ThinkPad na Lenovo ka danna Fn da Esc tare. Sau da yawa akwai hoton ɗan kwado a jikin Esc, wasu ma har da ƴar fitila. A HP da yawa sai an shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi: kana kunna kwamfuta ka dinga danna F10, ka nemi Action Keys Mode ka kashe shi. A IdeaPad sunansa HotKey Mode. Roƙona ɗaya, in ka shiga BIOS ka taɓa wannan layin kaɗai, ka adana ka fito.

Daga nan ake faɗawa kuskure na biyu: a sauko da manhajar sauya maɓallai don a canza aikin Fn. PowerToys na Microsoft yana da amfani ƙwarai, yana mayar da Caps Lock ya zama Ctrl in kana so, amma a mafi yawan kwamfutoci ba ya ganin Fn sam. Dalili kuwa shi ne saƙon Fn ba ya isa wurin Windows, tun a cikin kibod ake gama da shi. Shi ya sa mai ThinkPad da ke jin haushin Fn ya zauna a kusurwar da ya saba samun Ctrl, a BIOS ko a manhajar Lenovo Vantage zai musanya su.

A Mac gyaran yana cikin saiti. Tun daga macOS Ventura na 2022, ka shiga System Settings, Keyboard, Keyboard Shortcuts, Function Keys, ka kunna zaɓin da ke cewa a yi amfani da F1, F2 da sauransu a matsayinsu na asali. Amma abin da ya fi wahalar da sabon shiga Mac ba shi ne wannan ba, yatsa ne da ya riga ya haddace Ctrl. A can Command ne mai gida: Command da C kwafa, Command da V liƙawa, Command da R sabunta shafi a Safari ko Chrome. Akwai kuma wuraren da ba musanya ba ce kawai. A Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac, F2 ba ya canza sunan fayil, Return ne ke yi, wanda a Windows buɗe fayil yake yi. Ba a yanke fayil da Command da X. Ana kwafa ne, a je inda ake so a danna Command da Option da V, sai ya tashi daga can ya dawo nan. Maɓalli mai launin ja da ke kusurwar taga kuma sau da yawa tagar kawai yake rufewa, manhajar tana nan tana aiki sai ka danna Command da Q. In ka jona kibod na Windows a Mac, maɓallin mai tambarin Windows shi ne Command, Alt kuma Option, sai dai wurarensu a juye suke. A Modifier Keys, cikin saitin Keyboard, ake daidaita su.

Masu Linux nasu tarkon daban ne. A cikin Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, Ctrl da C ba kwafa ba ne, umarni ne na tsayar da aikin da ke gudana. Ɗalibi yana tsakiyar sauko da manhaja, ya so kwafar wani layi, ya katse komai da hannunsa. A can sai an ƙara Shift: Ctrl, Shift, C don kwafa, Ctrl, Shift, V don liƙawa. Sannan in hannu ya kuskure ya haɗa Ctrl da Alt da F3, allo zai koma baƙi yana neman suna da kalmar sirri. Kada ka kashe kwamfutar. A Ubuntu na yanzu Ctrl, Alt, F2 zai mayar da kai inda kake, a Linux Mint da tsofaffin Ubuntu kuma Ctrl, Alt, F7. Wanda ya jona kibod na Apple a Linux ya ga layin sama ya ƙi, gyaran yana cikin hid_apple, ƙaramar manhajar da ke sarrafa kibod ɗin Apple a Linux: a sa saitin fnmode ya zama 2.

Akwai kuma abin da ya fi damun mu a nan, saboda yawancin laftof ɗinmu na hannu ne, daga ƙasashe daban-daban. Ka danna Shift da 2 kana neman @ na adireshin imel, sai alamar zance ta fito. Kibod lafiya lau yake: jikinsa tsarin Amurka ne, Windows kuma an saita shi a tsarin Ingila, ko akasin haka. A Nijar, inda aka fi sabawa da tsarin Faransa mai suna AZERTY, A da Q sun musanya wuri, haka Z da W. Wannan yana da haɗari ga gajerun hanyoyi: kana son Ctrl da Z ka janye kuskure, sai kwamfuta ta karanta Ctrl da W ta rufe maka shafi. Duba kusurwar allo kusa da agogo ka ga tsarin da ke aiki. Maɓallin Windows da Space ke sauya shi, haka ma a Ubuntu. A Mac kuma Control da Space. Shawarata ita ce ka goge duk tsarin da ba ka amfani da shi, domin Alt da Shift ma suna sauyawa a Windows, kuma hannu kan haɗa su ba da niyya ba. Ni biyu na bari, na Turanci da na Hausa, saboda ɓ da ɗ da ƙ.

Sauran ƙanana ne. In U, I, O suka koma 4, 5, 6 a ƙaramin laftof, Num Lock ne a kunne, Fn da NumLk zai kashe shi. In Shift ko Ctrl suka zama kamar sun maƙale, wataƙila an danna Shift sau 5 a jere Sticky Keys ya tashi. Riƙe Shift na dama na daƙiƙa 8 kuma yana tayar da Filter Keys, wanda ke sa kibod ya yi nauyi. Duka biyun a sashen Accessibility na saitin Windows ake kashe su.

Kafin ka kai wa mai gyara, ari kibod na USB ka jona. In maɓallin ya yi aiki a na aron ya ƙi a na laftof, matsalar tana wajen Fn ko BIOS, ko kuwa maɓallin ne ya mutu da gaske. In ya ƙi a duka biyun, koma saitin babbar manhaja. In kuwa a manhaja ɗaya tak yake ƙi, buɗe jerin gajerun hanyoyinta ka ga abin da ta ɗora wa wannan maɓallin.