Yadda ake canza ƙaramin radiyatan hitar baya a motar kat-kat

A Yamai sai da sanyin Janairu ake tuna hita, amma in radiyatanta na baya ya huje, ruwan injin ne ke zurarewa.

Bari injin ya huce sarai. Cire wayar batir, ka tsiyaye ruwan a bokiti, nesa da awaki, don guba ne.

Kwance murfin radiyatan, ƙarƙashin kujera ko a gefen baya, gwargwadon motar. Sassauta maɗaurin tiyo biyun da ke haɗe da shi. Tsohon tiyo kan manne, murɗa shi a hankali, kada ka fizge, bakin bututun ba ya da ƙwari.

Cire tsohon radiyatan, sa sabon, mayar da tiyo da wayar batir, cika ruwa. Tada injin, kunna hitar gaba da ta baya har iskar da ke cikin hanyar ruwan ta fita. In injin ya huce, ƙara ruwa, ka duba ɗigo.