Darasi na Bakwai: Ƙaramar Giya da Tuƙi a Kan Kwalta

A-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, irin Hilux da Land Cruiser, tana da sandar giya biyu. Doguwar kowa ya san ta. Gajeriyar ita ce ta giyar taimako, wani akwati da ke bayan giyabos, wanda ke raba ƙarfin inji tsakanin farfelar baya da ta gaba, wato dogayen ƙarafan da ke kai juyi zuwa tayoyi. A kan sandar za ka ga an rubuta H2 (tayoyin baya kaɗai ke ja), H4 (duka huɗu ke ja), N (babu mai ja) da L4 (ƙaramar giya, duka huɗu ke ja). A wasu motocin 2H, 4H da 4L ake rubutawa, sababbi kuma maɓalli ake murɗawa, amma aikin ɗaya ne.

Direbobi da yawa na zaton wannan sanda tana ƙara gudu a babban titi. Ba ta ƙarawa. A H, yadda juyi ya fito daga giyabos haka yake wucewa, ɗaya bisa ɗaya. A L4 kuwa ana rage shi kusan sau biyu da rabi. Motar da ke yin kilomita 100 a giya ta biyar, in aka sa ta a L4 inji na juyawa kamar dā, da ƙyar za ta yi 40. Ƙarfin ja ta samu, gudu ya tafi. Wurin L4 shi ne taɓon fadamar Haɗeja da damina, ko rairayi mai zurfi wajen Maigatari in an yi lodin riɗi.

Da ka hau kwalta, ka mayar da sanda H2. In tayoyin gaba suna da makulli a tsakiyarsu, ka sauka ka murɗa duka biyun daga LOCK zuwa FREE. Yin haka na hutar da farfelar gaba da aksul ɗinta, shan mai ya ragu, ƙugi ya ragu, sitiyari ya yi laushi.

Me ya sa H4 ke ɓarna a busasshiyar kwalta? A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya, alhali H4 ta ɗaure farfelolin biyu su juya daidai wa daida. A ƙasa ko laka, taya kan ɗan zame ta sauke wannan bambanci. Kwalta ba ta barin taya ta zame, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa. Alamarsa: mota na tirjiya a kwana, tayoyi na kuka, sanda ta ƙi fita. Wanda ya taho haka daga Gumel har Dawanau ya cinye tayoyinsa, ya wahalar da sarƙa ko haƙoran akwatin, kuma kuɗin gyaran nan ya fi ribar lodin, nesa ba kusa ba. In sanda ta cije, kada ka doke ta. Miƙe sitiyari, yi ribas 'yan taku, ka sake gwadawa, zai fi kyau a gefen titi inda akwai ƙasa.

Shiga L4 da fita daga cikinta sai mota ta tsaya cik, an taka kuloci. Motocin da ke jan ƙafa huɗu kullum, kamar Prado, nasu daban ne: H suke tafiya, amma kada a sa makullin tsakiya, mai ɗaure farfelolin biyu, a kan kwalta.

Wasu kan sa manyan tayoyi don inji ya sarara a doguwar tafiya. Yana sararawa kaɗan, sai dai agogon gudu zai nuna ƙasa da gudun gaske, mota kuma ta yi nauyin tashi da kaya. In za a sauya, tayoyi huɗun su zama girma ɗaya.

Akwatin yana da mansa daban da na giyabos, wajen lita ɗaya a Hilux. Tsofaffin motoci galibi mai lamba 75W-90 suke sha, amma duba littafin motarka. Tsayar da mota a wuri mai daidai, kwance notin sama na gefen akwatin, sa yatsa: mai ya kai bakin ramin. In ya yi fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga, a juye shi ranar. Kuma ko da rani ne, sau ɗaya a wata a kulle tayoyin gaba a yi 'yan kilomitoci a hanyar ƙasa, don mai ya zagaya aksul ɗin gaba.