Injin Sabuwar Motar Gudu: Inda Muke Yawan Kuskure a Damagaram

A fadarmu ta Zango, da zarar shayi ya kai zagaye na biyu sai wani ya zaro waya ya nuna hoton motar gudun da aka ce kamfani kaza zai sabunta, gardama ta kaure. Wannan ya ce in ba silinda takwas ba a bar maganar, wancan ya ce turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ƙaramin cikinmu ya ce zamanin batir ne. Wani dattijo da ke wucewa ya taɓa ce mana: “Samari, motar da ko tayarta ba ku saya ba kuke wa faɗa?” Yana da gaskiyarsa. Sai dai motar da ake ƙerawa yau ita ce za ta iso mana a ta hannu nan da shekara goma ko sha biyar, kuma bakanikenmu ne zai buɗe bonet ɗinta. Masu sauya wa motocinsu inji ma irin waɗannan kurakuran suke yi, su kuwa da kuɗinsu.

Babban kuskuren shi ne ƙirga dawaki kaɗai. Kowa ya haddace ƙarfin doki, ba mai tambayar nauyin da dokin zai ja. BMW M5 ta 2024 ta zo da inji mai silinda takwas haɗe da batir, doki 727, yayin da M5 Competition da ta gabace ta ke da 625. A takarda an ci gaba. Amma sabuwar ta haura tan 2.4, ta ƙara kusan rabin tan, kamar ka loda wa tsohuwar buhun siminti goma ka ce ta yi tsere. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 sabuwar na ɗaukar daƙiƙa 3.5, tsohuwar kuwa 3.3. Gyaran mai sauƙi ne: ka raba nauyin mota da yawan dawakinta kafin ka yaba. Ko hakan ma miƙaƙƙen titi kawai yake bayyanawa. A kwana, a birki, a cin taya, nauyi ba ya ɓuya. Shi ya sa Mazda MX-5, mai nauyin tan ɗaya da 'yan kai da doki 184 kacal, take ba direba daɗin da motocin da suka ninka ta uku ba sa bayarwa.

Akwai kuma rashin tambayar inda ƙarfin yake fitowa. Doki a ƙololuwar juyin inji ake auna shi, wurin da da wuya ka kai tsakanin Birni da kasuwar Dole. Abin da ke manna bayanka da kujera in ka taka totur shi ne ƙarfin murɗawa. Toyota 86 ta 2012 tana da inji lita 2, doki 200, amma ƙarfinta na murɗawa yakan yi rami wajen juyi 4,000 a minti, daidai inda kake so ka wuce babbar mota. Jama'a suka yi ta kiran a sa mata turbo. Da aka zo kan magajiyarta GR86 a 2021, Toyota da Subaru, kamfanin da suke ƙera ta tare, ba su sa ba. Sai suka faɗaɗa injin zuwa lita 2.4, dokin ya koma 235, ƙarfin murɗawa ya riƙa cika tun juyi 3,700 maimakon sama da 6,000. A ganina wannan na cikin shawarwari mafi hankali da aka yanke a 'yan shekarun nan: ba a ƙara zafi ba, ba a ƙara tarkacen da za su lalace ba, ciwon kuma ya warke.

Maganar yawan silinda kuwa, ɓangarorin biyu duk suna zamewa. Masu cewa silinda huɗu ba motar gudu ba ce su dubi Alpine A110 ta Faransa da ta fito a 2017: lita 1.8, silinda huɗu, doki 252, nauyi wajen kilo 1,100, kuma ta sha yabo. Masu cewa ƙarar inji shirme ce su tambayi Porsche. A 2016 ta cire silinda shida daga Boxster da Cayman ta sa huɗu mai turbo. Motar ta ƙara sauri, masoyanta suka ƙi amon, har kamfanin ya dawo da silinda shida lita 4 a nau'ikansu na GT4 da GTS. Mercedes-AMG ma ta ɗanɗana haka da C63, wadda aka raba da silinda takwas aka ba ta huɗu da batir: doki 680 maimakon 510, nauyi sama da tan 2, masu saye suka ja baya. Wanda ya saba da kilishi, ko ka cika masa kwano da wake ka ce ya fi gina jiki, ba abin da ya zo nema ba ke nan. Kafin a zaɓa wa sabuwar mota inji, a fara sanin abin da ya sa mutane suka so tsohuwar.

Ana kuma yi wa injin haɗin fetur da lantarki kuɗin goro. Ba iri ɗaya ba ne. Na M5 babban batir ne da ake jonawa a caja. Na Porsche 911 GTS ta 2024 ɗan ƙarami ne, bai kai kilowat-awa 2 ba, ba a jona shi, aikinsa ya taya turbo saurin tashi ya kuma ƙara turi, nauyin da motar ta ƙara wajen kilo 50 ne. Ga mu da wuta ke ɗaukewa lokacin bazara, wanne ya fi ma'ana ba sai an faɗa ba.

Inda nake so a fi tsayawa shi ne ƙasar da motar za ta taka. Lambobin da kamfani ke bugawa a iska mai sanyi da mai mai tsabta aka samo su. Watan Afrilu da Mayu a nan zafi na wuce digiri 40. Turbo matse iska yake yi, iskar da aka matse tana ƙara zafi, sai ta bi ta na'urar sanyayawa kafin ta shiga inji. In iskar waje kanta wuta ce, sanyayawar ba ta isa, kwamfutar mota ta rage ƙarfi don kare fistin. Dawakin da ka yi alfahari da su a fada, wasunsu sun kwanta a inuwa kafin ka kai Mirriya. Ƙaramin inji da aka matse shi ya ba da ƙarfin babba shi ya fi shan wannan wahala, domin kullum a iyakar ƙoƙarinsa yake. Don haka in ana yabon inji a tambayi girman lagireto, a tambaya ko akwai abin sanyaya baƙin mai.

Sai ƙura. Hunturu na shigowa, matatar iska ta toshe da wuri, yaron gareji ya busa ta da iskar kwamfuresa har takardar ta yage, yashi ya wuce ya ci fukafukan turbo da ke juyi sama da dubu 100 a minti. Matata sabuwa ta fi turbo araha nesa ba kusa ba. Haka wanda ya taho a guje daga Matamaye ya tsaya ya kashe mota nan take: baƙin man da ke cikin turbo yana iya ƙonewa ya daskare. A bar injin ya yi minti ɗaya yana aiki a tsaye, a kuma yi juye kafin lokacin da littafin Turai ya faɗa. Mai kuwa, muna da matatar mai ta SORAZ a arewa da gari tun 2011, amma har yanzu da yawanmu na tsayawa wajen mai kwalba a bakin titi. Tsohuwar mota za ta haƙura. Injin zamani mai fesa mai kai tsaye cikin silinda ba ya yafe ruwa ko datti, kuma irin waɗannan injuna galibi fetur mai oktan (ma'aunin ingancin fetur) 95 zuwa 98 suke so. Da wanda bai kai ba sai injin ya fara ƙwanƙwasa.

Tambarin da ke goshin mota ma yana ruɗar mutane. Supra ta 2019 Toyota ce a suna, amma injinta mai silinda shida na BMW ne, a birnin Graz na Ostiriya aka haɗa ta tare da BMW Z4. Aron inji ba abin kunya ba ne, kamfanin motocin gudu na Lotus ya daɗe yana amfani da na Toyota. Kuskuren shi ne ka ɗauka tunda Toyota ce, duk mai shagon kayan gyara zai miƙo maka abin da ka nema, ko bakaniken Hilux zai gane ta. Lambar injin za ka tambaya, sannan ka bincika ko akwai mai na'urar karanta kwamfutarsa a nan, ko sai an je Kano ko Yamai.

Masu dasa babban inji a ƙaramar mota, ƙannena, injin 2JZ na tsohuwar Supra da kuke mafarki gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce mai nauyi. Ka ɗora shi a gaban motar da ba a yi ta dominsa ba, hancinta ya yi nauyi, ka karya sitiyari a kwana ita kuwa ta nufi gaba. Birki, giya, lagireto da taya ake fara gyarawa, inji ya zo daga baya.

Da ni za a tambaya a fada, ga ƙaramar motar gudu mai zuwa zan ce a ba ta inji lita 2 zuwa 2.5 marar turbo, giyar hannu, nauyi kada ya wuce kilo 1,300. Ga babbar kuwa silinda shida mai turbo da ba a matse shi ba, da lagireton da zai iya hanyar Tanut da tsakar rana a watan Mayu.