Yadda nake yanke wa karen gidana farce

Karen farauta ba ya bukatar a yanke masa farce. Wanda ke bin mafarauta daji, ko mai yawon unguwa daga wannan bola zuwa waccan, ƙasa da tsakuwa ke goge masa kullum. Matsalar ta karen gadi ce, wanda ke wuni a keji, sai dare a sake shi a tsakar gida mai tayil. Nawa haka yake. Ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida, ubansa irin karnukan 'yan sanda, kuma farcensa baƙi ƙirin, wanda shi ya fi wuyar yanka.

In kana jin ƙas-ƙas-ƙas idan yana tafiya a kan tayil, lokaci ya yi. Kare in ya tsaya daram, bai kamata farcensa ya dafa ƙasa ba. Idan aka bar shi ya yi zaƙo-zaƙo, yatsun sukan karkace, tafiyar ta sauya, wata rana kuma farcen ya maƙale a wayar keji ya tsage har gindi.

A cikin kowane farce akwai nama mai jijiyar jini, ya taso daga gindi ya nufi baki. Shi ake gudu. A farin farce za ka hango shi ja-ja, musamman in ka haska da fitilar waya ta baya, sai ka yanka nesa da shi kaɗan. A baƙin farce ba ka ganin komai daga waje. Kuma naman yana bin farcen ne: in farce ya daɗe ba a yanka ba, shi ma ya ƙara tsawo. Don haka karen da ya shekara ba a taɓa shi ba, ba a rage masa a zama ɗaya. A tsinke bakin kaɗan duk mako, naman zai riƙa ja da baya da kansa.

Kayan aikin ba yawa. Akwai almakashin farcen kare, mai kama da filaya, a shagunan maganin dabbobi. Abin yankan farce namu na mutane yana yi wa ɗan kwikwiyo, amma babban kare murƙushe masa farcen yake yi maimakon ya yanke. Reza kuwa kar ma ka fara, fizga ɗaya zai yi ka yanki kanka ko ka yanke shi. Ka ajiye garin fulawa ko sitati a murfin kwalba kusa da kai, da magagari ƙarami, da 'yan gutsattsarin nama ko busasshen kifi.

Ni a ganina rabin aikin ana yin sa ne tun ba a ɗauko almakashi ba. Kare ba ya son a riƙe masa dagi. Kwanaki kafin nan, duk sanda ka zo ba shi abinci, ka ɗaga ƙafarsa, ka murza yatsun, ka sake, ka miƙa masa tsoka. Ka bar shi ya shinshina almakashin, ka datse tsinken tsintsiya a gabansa ya saba da ƙarar. Ranar yankan, ka zaɓi lokacin da ya gaji, bayan ya sha gudu, a wuri mai haske. Ni da hantsi nake yi, ƙanena ya kwantar da shi a gefensa yana shafa masa wuya. Wanda karen ya sani ne zai riƙe shi, ba baƙo ba, ba kuma yaro ba. In mai saurin kai cizo ne, a sa masa takunkumi.

Ka kama yatsa ɗaya, babban yatsanka a ƙasa kan tafin, manuniya a sama, ka ɗan matsa farcen ya fito. Ka ture gashin gefe. Sai ka tsinke bakin da ya lanƙwasa kawai, siriri, kamar kana fiƙe fensir, sannan ka duba fuskar wurin da ka yanka. Da farko za ka ga fari-fari, busasshe, yana gari. Ka ƙara kaɗan, ka sake dubawa. Da zarar wani ɗigo baƙi mai sheƙi ya bayyana a tsakiya, dakata, nama na bayansa. Ka goge kaifin da magagari, ka ba shi lada, ka wuce na gaba. In ya fara fizge-fizge a farce na uku, ka ƙyale shi, gobe ma rana ce. Wanda aka danne da ƙarfi yau, wata mai zuwa ganin almakashi kawai zai sa ya shige ƙarƙashin mota.

Akwai wanda ake mantawa: ɗan farcen da ke can sama ta cikin ƙafar gaba, wasu karnukan har da ta baya. Ba kasafai yake taɓa ƙasa ba, don haka ba ya gogewa, yakan nannaɗe ya soki fatar. Ka laluba cikin gashi ka nemo shi.

In tsautsayi ya sa ka taɓa naman, zai yi ƙara, jini kuma zai zuba fiye da girman ciwon. Ka dangwala farcen a fulawa, ka danne da tsumma mai tsabta minti biyu ko uku ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. In an ɗauki lokaci bai tsaya ba, ko farcen ya tsage zuwa gindi, sai likitan dabbobi.

Bayan an daidaita tsawon, duk mako uku ko huɗu ya wadatar. Amma kada ka kai hannu kusa da bakin karen da ba a yi wa allurar ciwon hauka ba. In kuma ya cije ka, ko da naka ne, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar.