Matakan neman gurbin digirin digirgir a Nazarin Addinin Musulunci

Ana yawan tambayata yadda ake nemansa a jami'o'i irin su Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo. Ga matakan:

1. Duba sakamakon digirinka na biyu. Yawanci ana son maki 3.50 cikin 5.
2. Zaɓi fanni ɗaya, kamar Tafsiri, Hadisi ko Fiƙihu.
3. Leƙa kundayen binciken da ke sashen. A nan ake yawan tuntuɓe: batun da wani ya riga ya gama ba ya karɓuwa.
4. Rubuta taƙaitaccen tsarin bincikenka.
5. Nuna wa malamin fannin.
6. Nemi tsohuwar jami'arka ta aika cikakken sakamakonka da wuri, don yakan ja lokaci.
7. Tanadi takardar bautar ƙasa.
8. Cike fom a shafin jami'ar kaɗai. Kada ka tura wa dillali ko sisi.